Masoro da ɓerayen Fas

Da ƙafar dama na sauka daga jirgi a Kazabalanka, ina ta murmushi kamar wadda aka yi wa bushara. Ni Hamsatu, 'yar Filinge, wadda ta yi shekara huɗu tana miƙa magani ta tagar farmasi a bakin kasuwa, yau ga ni a Maroko da takardar burs, wato tallafin karatu, a cikin jaka. Tambaya guda ce ta kawo ni, wadda ta hana ni sakat tun ina wannan tagar: me ya sa mutum biyu za su sha magani iri ɗaya, awo ɗaya, ɗaya ya tashi garau, ɗayan kuma maganin ya kayar da shi kamar an buga masa taɓarya? A lakwal, wato makarantarmu a Yamai, an gaya mana amsar tana cikin hanta. Ni kuwa so nake in gani da idona.

Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi ya yi alkawarin zai tarbe ni. Na kira talhonsa har na gaji, a kashe yake. Ban damu ba. Na ja baliz ɗina, akwatin kayana, na bi mutane zuwa jirgin ƙasa, abin da ban taɓa shiga ba tun da aka haife ni. Daga Kazabalanka har Fas hancina na manne da gilashi. Gonaki kore shar a watan da namu suka zama kara da ƙasa, itatuwan zaitun a jere kamar an auna da igiya. Wata mata da ke gefena ta ga yadda nake leƙe, ta yi dariya ta ɓare lemu ta ba ni rabi.

A tashar Fas ne na fara karatu, tun kafin in ga lakwal ɗin. Wani mutum mai kwat mai tsabta ya tare ni da Faransanci mai daɗi, yana ce mini 'yar'uwa. Ya ce shi aikinsa ke nan, samar wa ɗalibai baƙi ɗaki. Ya ɗauki baliz ɗina da kansa, muka shiga tsohon gari inda mota ba ta shiga, lungu bayan lungu, sai jakai masu kaya suna ture mutane. Da na ga jakai sai hankalina ya kwanta, na ce ashe ban yi nisa da gida ba. Ya nuna mini wata koriyar ƙofa, ya miƙo makulli, na ba shi abin da ya ce na haya. Ya ce in buɗe in shiga, zai je ya kawo mini bargo.

Makullin ko shiga ramin bai yi ba. Ina ta kokawa da shi sai aka buɗe ƙofar daga ciki, wani magidanci ya fito da cokali a hannu, yara biyu suna leƙe ta bayansa. Ya dubi makullin, ya dube ni, ya girgiza kai. Da alama ba ni ce ta farko ba.

Na zauna a kan baliz a tsakiyar lungu. La'asar ta yi, sanyi ya fara ratsa gyalena, ban san ko ta ina zan fita ba. Ban yi kuka ba. Can sai wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke kallon wannan, gajeruwa, da kwandon na'ana'a a hannu. Ta yi mini magana da Larabcinsu, ban gane ba. Na yi mata Faransanci, ba ta gane ba. Sai na ce, "Assalamu alaikum." Ta amsa, ta tambaye ni da hannu ko na yi salla. Na ce a'a. Ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta ba ni ruwan ɗumi da darduma. Da na sallame, na tarar da kwanon miya mai zafi da gurasa a gabana.

Sunanta Lalla Zuhur. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa, akwai ɗaki a sama da ba kowa. A wannan ɗakin na zauna har na gama karatuna. Watannin farko da hannu muke hira, da ɗan Larabcin da na tsinta a makarantar allo.

Ranar Litinin na isa labo, wato ɗakin bincike, tun kafin a buɗe. Shugabarmu mace ce, doguwa, ba ta dariya da wuri, kowa Madam Purofesa yake ce mata. Ta zaunar da ni ta ɗauki alli.

Ta ce, "A cikin hanta akwai wasu ma'aikata, anzim. Duk maganin da ya shiga jiki, su ne ke farfasa shi don ya fita. In suna da sauri, magani ya wuce da wuri. In wani abu ya ɗaure musu hannu, maganin ya taru a jini, awon da ya kamata ya warkar ya koma guba. Mu a nan da gangan muke ɗaure musu hannu, da wani sinadari, a jikin ɓera, don mu ga abin da zai faru. Kin taɓa riƙe ɓera?"

Na ce, "Na taɓa kashe shi, Madam."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana ba ni wata guda in iya gwajin barci. In na iya, in zauna a labo in yi bincike nawa. In ban iya ba, in koma ɗakin littattafai in rubuta abin da wasu suka gano. Ni kuwa ba don in kwafi littafi na baro yankinmu na Kurfai ba.

Gwajin a baki ba wuya. A raba ɓeraye gida biyu. Gida na farko a yi musu allurar maganin barci kawai. Gida na biyu a fara ba su sinadarin da ke ɗaure anzim, a jira, sannan a yi musu maganin barcin. In ɓera ya yi barci a kwantar da shi rigingine, a danna agogo. Da zarar ya iya juyawa ya tsaya da ƙafafunsa, ya farka ke nan, a tsayar da agogo. Wanda hantarsa ke aiki zai riga tashi. Wanda aka ɗaure wa anzim zai daɗe.

Aka kai ni ɗakin dabbobi, na tsaya baki buɗe. A garinmu ɓera abokin gaba ne, mai huda rumbu, mai ɓarnar hatsi, duk wanda ya gan shi takalmi yake nema. A nan ga su farare tas, jajayen idanu, kowane gida da katinsa, da ruwansa a kwalba, da abinci na musamman. An ɗumama musu ɗaki, ni kuwa da safen nan sai da na fasa sanyin ruwan alwala da addu'a. Na ce a raina, wallahi ɓeran Fas ya fi ɗalibin Fas gata.

Mai kula da su wani dattijo ne, Si Idris, mai furfura a gemu, ya fi shekara ashirin a ɗakin. Ya ce in kamo ɗaya. Na kai hannu kamar zan ɗauki garwashi, ɓeran ya juyo ya kafa mini haƙori a yatsa. Na yi ƙara na yarfar da hannu. Si Idris ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, ya rungume shi a tafinsa yana yi masa magana a hankali, sai da ya gama lallashinsa sannan ya dubi yatsana.

Ya ce, "'Yata, hannunki sanyi gare shi, kuma tsoro kike ji. Shi ma ya ji. Je ki ɗumama hannu ki dawo."

Mako biyu ban yi allura ko ɗaya ba. Kamu kawai nake koyo: wutsiya da wannan hannu, fatar ƙeya da wancan, ba matsewa, ba sassautawa. Si Idris yana tsaye a kaina. Ya ce mini dabbar nan ba ta zo nan da son ranta ba, rai gare ta, kuma za a tambaye mu. Duk wanda zai ɗauka sai ya yi bisimilla. Ranar da wani ɓera ya kwanta luf a hannuna yana share gashin baki, na fita tsakar labo ina nuna wa kowa kamar na haifi ɗa.

A mako na uku na yi gwajina na farko, ranar da Si Idris ya tafi jana'izar wani ɗan'uwansa. Na shirya komai tsaf. Ɗakin gwajin ya cika da warin sinadari, sai na buɗe taga don iska ta shigo. Na yi allurai, na jera su rigingine a kan teburin ƙarfe, na danna agogo cike da murna.

Lokacin da ya kamata 'yan gida na farko su tashi ya zo ya wuce, ba wanda ya motsa. Na ƙara jira. Azahar ta yi. Duka gida biyun suna kwance kamar an zuba su, ba a bambanta wanda aka ba sinadari da wanda ba a ba ba. Na taɓa ɗaya, sanyi ƙalau. Na ruga na kira Madam Purofesa.

Ta shigo, ta dubi teburin, ta dubi tagar, ta rufe ta da ƙarfi. Ta sa aka kawo fitila mai zafi da tawul. A hankali suka fara motsi ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya bai tashi ba.

Ta ce, "Ɓeran da ke barcin magani ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. In ya yi sanyi, hantar ma sai ta yi sanyi. Yau ba anzim kika auna ba, sanyin Fas kika auna. Kuma kin kashe dabba a banza. Saura miki mako guda."

Na koma gida. Lalla Zuhur ta ga idona ta tambayi wanda ya mutu. Ban san sunan ɓera da Larabcinsu ba, sai na kwatanta da hannu: ƙarami, wutsiya, gashin baki. Ta dube ni, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Da ta ga da gaske hawaye nake yi, ta daina, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. A nan kewar gida ta taso mini gaba ɗaya. Na tuna Innata tana tankaɗe a tsakar gida, na tuna kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, da ake sayarwa a ƙofar farmasi, da hayaniyar ranar kasuwa in mutanen Tabla da na Sanam suka shigo da amalanke da bisashe. Na ce me ya kai ni garin da ake kuka don ɓera?

Da na kwatanta mata cewa sanyi ne ya kashe shi, washegari da safe ta miƙo mini jakar roba ta ruwan zafi, wadda take sa wa a ƙafafunta, da wani tsohon mayafin ulu. Na kai labo ina jin kunya. Si Idris ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Wannan tsohuwa ta fi wasu masu digiri hankali." Akwai faifan ɗumi na lantarki a labo, shi muka shimfiɗa, amma ya ce a naɗe kejin da mayafin kafin a fara, kada a mayar mata da kyautarta ba a yi amfani da ita ba.

Ranar Alhamis muka sake. Taga a rufe, ma'aunin zafi a gefena, Si Idris ya ja kujera ya zauna ya harɗe hannu, ya ce shi kallo ya zo yi. Na yi bisimilla na yi allurai. Suka kwanta, cikinsu yana hawa yana sauka. Ba abin da ake ji sai agogo.

Can sai ƙafar ɗaya daga gida na farko ta yi rawa. Ya murɗa, ya koma, ya sake murɗawa, sai ga shi tsaye yana tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Na danna agogo. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Kafin wani lokaci duk 'yan gida na farko suna yawo suna shinshine. Na juya ga gida na biyu, waɗanda aka ɗaure wa anzim. Ko kunne ba su kaɗa ba. Jikinsu da ɗumi, numfashinsu daidai, barci kawai suke yi abinsu.

Na ce, "Si Idris, ka gani? Ka gani? Magani ɗaya ne! Awo ɗaya ne!"

Da Hausa na faɗa, ban ma sani ba. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya yarda. Sai da aka daɗe sosai sannan 'yan gida na biyu suka fara juyawa, kuma duka suka tashi, ba wanda ya rage. Abin da na yi shekaru ina tambaya ta tagar farmasi, ga shi kwance a gabana a kan tebur. Na kai wa Madam Purofesa takardar. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ce, "To. Yanzu nemo tambayarki." A wajenta wannan guɗa ce.

Tambayar a kwanon abinci na same ta. Abincin Fas yana da daɗi amma ba ya cizo, don haka kullum ina tafe da 'yar kwalbar yajin da Inna ta daka mini. Wata rana muna cin abincin rana, Si Idris ya ce in ɗan barbaɗa masa. Ya kai loma ɗaya, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, ya ce me ke cikin wannan wuta? Na fara lissafa masa: barkono, citta, kanumfari, kimba, masoro. Da na ce masoro sai na tsaya da cokali a sama. A makon nan na karanta cewa baƙin yajin da Turawa ke barbaɗawa yana da wani sinadari mai rage wa anzim ɗin hanta sauri. Masoro kuwa ɗan'uwansa ne na jini. Na tuna masu jego a garinmu, yadda ake cika musu kunu da nama da yaji har kwana arba'in, a daidai lokacin da wasunsu ke shan magungunan da aka rubuto musu daga likita. Ni da hannuna na sha miƙa musu.

Na bar abincin na ruga ofishin Madam Purofesa da kwalbar a hannu. Ta shinshina, ta yi atishawa har sau uku, ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Rubuta. Kuma ba za ki taɓa ɓera ko ɗaya ba sai kwamitin kula da dabbobi ya yarda."

Jiran ya ɗauki watanni. Na tsince 'ya'yan masoron da ke cikin wani ƙullin kayan yaji da Inna ta haɗo mini da shi, na niƙa, na jiƙa, na tace, na busar, har na sami ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba. Cikin wannan jiran na koyi Larabcin cefane, na koyi hanyar lungunan da ba sai na tambaya ba, har na taɓa hango mai kwat ɗin nan a tasha yana ɗaukar jakar wani baƙo. Na je na tsaya a gabansu na gaya wa baƙon labarin makulli. Mai kwat ya ajiye jakar ya bi ta cikin mutane.

Ranar da izini ya fito muka yi gida uku: na maganin barci kawai, na sinadarin labo, da na masoro. Madam Purofesa da kanta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, wai wucewa take yi. 'Yan gida na farko suka tashi a lokacinsu. Idona yana kan na masoro. Minti ya wuce, wani ya wuce, suna kwance. Na ji kamar in yi tsalle in taɓa rufi. Sun riga na sinadarin labo tashi, amma sun daɗe a bayan na farko, tazarar da ko makaho zai ji a agogo.

Madam ta ce, "Kada ki yi rawa tukuna. Ɓera ba mutum ba ne, abin da kika ba su kuma ya fi na miya ƙarfi nesa ba kusa ba. Gwaji ɗaya ba ya zama magana. Sai kin maimaita, kin sake maimaitawa. Kina da sauran masoron?"

Na ce ya ƙare.

Ta ce, "To a aiko da shi daga kasuwarku, irin wanda matan can suke ci. Da yawa." Ta juya za ta fita, sai na ga gefen bakinta ya motsa. Si Idris ya rantse mini daga baya cewa murmushi ne.

Ina fita na kira Inna, ban ko jira na isa gida ba.

"Inna, kuna lahiya? Masoro nika so, mai yawa, kamar tiya biyu."

"Tiya biyu? Ke Hamsatu, haihuwa kinka yi ba mu sani ba?"

"A'a Inna, na aiki ne. Ɓeraye za ni ba."



"Ɓera? Ɓeran da munka sani?"

"Shi hwa, Inna. Amma hwari ne."

"To, hwari ko baƙi. Ke da kinka tahi karatun magani, ɓera kika yi ma jego?"

Na tsaya a bakin titi ina dariya har mutane suna waiwayena. Na yi mata bayani da sauƙi yadda zan iya: hanta, ma'aikatanta, barcin ɓeraye, masu jego da magungunansu. Na ce ban tabbatar da komai ba tukuna, kada ta je ta hana kowa cin yaji. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne.

Sannan ta ce, "Wato don matan garin nan kika yin shi."

Na ce, "Awo, haka ne Inna."

Ta ce, "To ba na wurin kowa za ni saye ba. Ranar kasuwa da sahe za ni tahi in zaɓo da hannuna, ɗaya ɗaya, in sheƙe shi in shanya. In dai ɓeran nan aikin mata shika yi, ba a ba shi mai ƙasa."